WUFA A BUƊAƊƊIYAR MOTA: INA BES ƊIN YAKE GUDUWA, KUMA YAYA ZA A KAMO SHI?

 Gaisuwa ta musamman ga mutanenmu na ƙasar Zuru, tun daga Dabai da Rikoto da Senchi, har Mahuta da Ribah da Dirin Daji. Wanda data ba ta bar shi ya saurara ba, ga shirin nan a rubuce, a karanta a tura wa abokai.

Batunmu na yau ya fito ne daga tambayar wani ƙanenmu mazaunin Dabai. Ya ce yayansa da ke aikin soja ya bar masa mota a gida, Peugeot 206 CC, irin 'yar ƙaramar nan da ake danna maɓalli rufinta ya naɗe ya shige but. Ya sayi wufa mai inci 12 da amfilifaya, mai rewaya ya ɗaura masa a but. In rufi yana rufe, kiɗa na dukan ƙirji yadda ake so. Da zarar ya buɗe sama ya hau titi, sai ka ce an sace wufar. Tambayarsa ita ce: ya ƙaro wufa ta biyu ne, ko ya sayi amfilifaya mai wat dubu uku?

Ƙanena, amsar a taƙaice: kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Riƙe kuɗinka ka saurara.

Na san wani zai ce, mu nawa ne muke da irin wannan mota? Gaskiya ba yawa. Sai ƙarshen shekara, lokacin Kirsimeti da Uhola, ko da Sallah, in 'yan gida sun dawo daga bariki da birane, ka ɗan ga Mercedes SLK ko BMW Z3 ko Golf mai rufin tamfol tana wucewa jefi-jefi. Amma maganar ta shafi kowa. Mai keke Napep da ya ɗaura sifika a bayan kujera, buɗaɗɗiyar mota yake ja. Mai a-kori-kurar da ake haya ranar ɗaurin aure ko yawon kamfen, haka. Kai har mai Golf ɗin da esinta ya mutu tun bara yake yawo gilasai huɗu a sauke, rabin matsalar nan tasa ce.

To bari mu fara daga tushe. Mene ne bes?

Sauti girgizar iska ce. Ana ƙidaya girgizar a daƙiƙa ɗaya, ma'aunin kuma sunansa haz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga haz 20 har zuwa 20,000. Muryar mutum da sarewa da kukan goge suna tsakiya zuwa sama. Amon babbar ganga da tambari, wanda kake ji a ciki kafin ka ji a kunne, yana can ƙasa. Aikin wufa shi ne wannan na ƙasan, daga wajen haz 80 zuwa ƙasa. Ba ta waƙa, ba ta magana, iska kawai take turawa.

Ga inda lissafin yake da daɗi. Sauti yana gudun kusan mita 340 a daƙiƙa. Ka raba 340 da 40, za ka samu takwas da rabi. Wato zangon girgiza ɗaya ta bes mai haz 40 ya kai mita takwas da rabi, ya ninka tsawon ita motar kanta sau biyu. A rufaffiyar mota wannan doguwar girgiza ba ta da wurin miƙe ƙafa, sai ta koma matsa iskar cikin motar gaba ɗaya tana saki, tana matsawa tana saki. Motar ta zama cikin ganga, kai kuma kana zaune a cikin gangar. Wannan kyauta ce da rufi da gilasai suke ba ka, ba ka biya ko sisi ba. A lissafi, daga wajen haz 70 ko 80 zuwa ƙasa, duk lokacin da girgiza ta ragu da rabi, ƙarin da ɗakin mota yake bayarwa yana iya kaiwa desibel 12. Shi ya sa 'yar wufar da ba ta cika falo ba, in aka sa ta a mota sai ta riƙa kaɗa madubi.

Ka danna maɓalli rufi ya sauka, kyautar ta tafi. Babu abin da ya lalace, ba laifin mai rewaya ba ne, ba kuma jabun kaya ba ne. Gangar ce aka cire wa fata ɗaya.

Ku ɗauki turaren wuta. In uwargida ta ajiye kasko a ɗaki ta ja ƙofa, ɗan kaɗan ya isa ya kama har labule. In ta fito da shi tsakar gida, ko kwalbar duka ta juye iska ce za ta kwashe. Mai son ƙamshi a tsakar gida ba ƙarin turare yake buƙata ba, matsowa kusa da kaskon zai yi. To duk shirin yau a kan wannan yake.

Sannan ga matsala ta biyu, ita ce hayaniyar iska da taya. In kana gudu sama a buɗe, iskar da ke kaɗawa a bayan kanka ita ma ƙara ce mai kauri, a layi ɗaya take da bes ɗin, sai ta danne shi. Ga kuma ta uku, wadda ta fi shafar ƙanenmu. A 206 CC da SLK, in rufin ƙarfen nan ya naɗe, cikin but yake kwanciya. Ka ga kenan wufar tana ƙarƙashin ƙarfe da gilashi, an rufe ta ruf, ga kujeru a tsakaninku. Kamar ka sa makaɗi a rumbu ka liƙe, ka koma bakin titi kana cewa ya ƙara ƙarfi.

Yanzu mu zo kan wat dubu ukun nan. Ku riƙe wannan lissafi, zai cece ku daga asara. In ka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, daga wat 300 zuwa 600, desibel 3 kacal ka ƙara. Kunne zai ji an ɗan ƙara, shi kenan. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ɗin ya ninka sau goma. Amma a fili, in ka rage nisan da ke tsakaninka da sifika da rabi, daga mita biyu zuwa mita ɗaya, ka samu desibel 6. Daidai yake da ka ninka amfilifaya sau huɗu. Ɗaya kuɗi ne da nauyi a kan batir, ɗaya kuma matsar da akwati ne kawai. Wanne ya fi araha?

Masu ƙera motocin ma haka suka gano. Mazda MX-5 da ta fito a 1989, wadda babu ƙaramar buɗaɗɗiyar motar tsere da aka sayar da yawa kamarta a duniya, an yi wasu samfuranta da ƙananan sifiku a cikin matashin kai na kujera, dab da kunne. Kamfanin Mercedes kuwa, a SL ɗin da ya fitar a 2012, ya ɗauke wufa daga ƙofa ya kai ta gaba wajen ƙafafu, ya mai da ramukan jikin ƙarfen motar suka zama akwatinta, ya kira tsarin Frontbass. Mutanen nan ba kuɗin sayen babbar wufa suka rasa ba. Kusa suka kawo ta.

To ina za a sa ta a irin motocinmu?

Wuri na farko, bayan kujera. 206 CC tana da kujerun baya guda biyu waɗanda, tsakani da Allah, ko ɗan firamare sai ya naɗe ƙafa. In ba ka ɗaukar kowa a nan, babu wurin da ya fi shi. Akwati ɗan siriri a wajen ƙafar baya ko a kan kujerar, a ɗaure shi tamau da ƙarfe da noti. Na ce tamau, domin akwatin kilo goma da ba a ɗaure ba, ranar da aka taka birki da ƙarfi ko aka faɗa rami, dutse ne a bayan ƙeyarka. Wanda ya san hanyoyinmu da damina ya san ba labari nake ba.

Wuri na biyu, wajen ƙafar fasinja na gaba. Ana yin ƙaramin akwati mai gangare a can ƙurya, a sa wufa mai inci 8, a rufe da raga mai ƙarfi. Fasinja zai rasa ɗan wurin miƙe ƙafa, amma bes yana fita da kyau saboda ƙuryar tana tattaro shi.

Wuri na uku, ƙarƙashin kujera. Akwai wufa 'yar falle da ake sayarwa haɗe da amfilifayarta a ciki, kaurinta bai wuce santimita bakwai ko takwas ba. Ba za ta tashi unguwa ba, amma tana cike gurbin da sifikun ƙofa suka bari. Sai dai ka auna kafin ka saya, don kujerun motocin tsere a ƙasa suke sosai, wani sa'in ko tafin hannu ba ya shiga.

Akwai kuma wata dabara da ba a cika sani ba a nan. Wani ɗan ƙarfe ne mai nauyi kamar gwangwanin madara, ba ya fitar da ƙara, girgiza kawai yake yi daidai da kiɗan. Ana ɗaure shi a jikin ƙarfen kujera. Iska ba ta iya kwashe abin da bayanka yake ji kai tsaye. In ka haɗa shi da ƙaramar wufa, za ka rantse inci 15 ce a motar, alhali maƙwabcinka bai ji komai ba.

But fa? Shi ne zaɓi na ƙarshe. In dole sai can, ka sani cewa in rufi ya shiga, wurin da ya rage bai kai rabi ba. Kuma akwai wani labule ko marfi a cikin but ɗin da sai an ja shi ya zauna daidai kafin motar ta yarda ta sauke rufi. Akwatin da ya tokare shi, ko dai rufi ya ƙi motsi, ko ya sauko ya murƙushe wani abu. Gyaran injin rufin nan ba aikin kowane gareji ba ne, sai ka dangana da Kaduna ko Kano ko Abuja, kayan ma sai an yi sa'a a Panteka ko Ƙofar Ruwa. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Mu zo kan akwati. Iri biyu ne aka fi yi. Akwai rufaffe ruf, akwai mai rami ko bututu. Mai rami ya fi ƙara a wani layi guda, amma ya fi girma, kuma sai an lissafa tsawon bututun da faɗinsa daidai da wufar. Ba rami ne kawai kafinta zai huda da ido ba. Rufaffe ya fi ƙanƙanta, ya fi yafiya in an ɗan kuskure awo, bugunsa kuma a tsuke yake. Ga ƙaramar mota, ni rufaffe nake ba da shawara. Wufa mai inci 8 yawanci tana son lita 10 zuwa 15 na iska a ciki. Mai inci 10, daga lita 15 zuwa wajen 28. Mai inci 12 takan nemi 30 ko fiye. In kana son ka gane girman, tuna da jarkar nan rawaya mai lita 25. Ka ɗauki jarka ka gwada a inda kake son sa akwatin. In ba ta shiga ba, inci 12 ba taka ba ce. Kuma kowace wufa ta kirki tana zuwa da takarda mai faɗin litar da take so, a bi takardar.

Katako kuma, an saba amfani da MDF mai kaurin milimita 18. Yana da kyau a rufaffiyar mota, amma abokin gabarsa ruwa ne, yana sha ya kumbura kamar burodi a shayi. Mu kuwa nan ƙasar Zuru ruwa ba ya mana rowa, daga Mayu har Oktoba, kuma hadari ba ya sallama. Tsohuwar buɗaɗɗiyar mota da wuya ka samu wadda robobin rufinta ba sa ɗan yoyo. Saboda haka a nemi filawud mai kauri mai kyau, a shafe shi da fenti ko banish ciki da waje, a toshe kowace kusurwa da gam. Fatar wufar ma a duba: mai roba ta fi mai takarda jure raɓa da rana. Ita wadda bakinta soso ne, zafin Maris da Afrilu yana cinye ta ta riƙa marmashewa. Da hunturu kuma ƙura ce, don haka amfilifaya a ɓoye ta inda iska ke ratsawa amma ƙura da rana ba sa dukanta kai tsaye. Kada a nannaɗe ta da kafet, zafi zai kashe ta.

Yanzu ga maganar wat na gaskiya da na ƙarya. Za ka ga kwali an rubuta 3000W da manyan haruffa ja. Wannan lambar talla ce. Lambar da za ka nema ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, ita ce ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a ɗore. In ba a rubuta ba, ga yadda za ka kama su. Juya amfilifayar ka dubi fis ɗin da ke jikinta. A ce an rubuta 25. Mota in tana aiki wutarta kusan bolt 14 ce. Ka ninka 25 da 14, ya ba ka 350. Wato duk abin da za ta iya ja daga batir kafin fis ya ƙone wat 350 ne, a ciki ma wani kaso zafi zai zama. Ta ina dubu uku za ta fito? A gaban mai shago za ka yi wannan lissafin da wayarka, ko a Sabon Garin Kano kake ko a Alaba. Kowace kasuwa akwai na kirki akwai na banza, ido ne naka.

A nemi amfilifaya da aka rubuta Class D, mai layi ɗaya, wadda aka yi don wufa. Irin wannan kusan kashi 80 cikin 100 na wutar da ta ja tana mai da shi sauti, tsofaffin Class AB kuwa kusan rabi ne ke tafiya a zafi. A kuma daidaita om. In wufa om 4 ce, a duba wat nawa amfilifaya ke bayarwa a om 4. In ka haɗa wufa biyu masu om 4 kai da kai, sun koma om 2, kuma ba kowace amfilifaya ke ɗaukar haka ba. Ga wufa ɗaya a kusa da kai, wat 200 zuwa 300 na RMS ya isa har ya yi yawa.

Me ya sa nake ta jan ku ƙasa? Saboda caja, wato altaneta. Ta ƙananan motoci yawanci amfiya 70 zuwa 120 take bayarwa, kuma inji da fitilu da fanka sun riga sun ci rabonsu. Amfilifaya mai wat 500 na gaskiya, in ta buɗe wuta, tana jan wajen amfiya 45. Mai wat 1,000 ta ja 90. In ka ga fitilun gaba suna lumshewa daidai da bugun kiɗa, motar ce take gaya maka ta gaji. Wasu za su ce ka sayi kafasita. Kafasita randa ce, ba rijiya ba. Tana ajiye kaɗan ta bayar da sauri, amma ba ta haifar da wuta.

Kuma mai buɗaɗɗiyar mota yana da wani haɗarin da sauran ba su da shi. Rufin nan da wutar batir yake aiki. Ka je wajen biki ka kashe inji, ka bar kiɗa yana yi awa biyu sama a buɗe, batir ya kwanta, hadari ya haɗo daga gabas. Mota ba ta tashi, rufi ba ya rufuwa. Akwai hanyar rufe shi da hannu, amma ba a cikin ruwa ake koyonta ba. In za ka yi kiɗa a tsaye, ka bar inji yana aiki, ko ka rufe sama tun da sauran wuta.

To yanzu ku ba ni kunnuwanku duka biyu, don wannan gaɓar ita ce ta rai da dukiya. Waya.

Wayar da ke ɗauko wuta daga batir zuwa amfilifaya dole, dole a sa mata fis a kusa da batir, kada ya wuce santimita 45 daga kan batir ɗin. Fis ɗin jikin amfilifaya kanta yake karewa, ba ya kare wayar. Ka yi tunani: waya mai kauri ta taso daga gaba, ta ratsa ƙarfe, ta bi ƙarƙashin kafet. Kullum mota na girgiza, ƙarfe na cin robar a hankali. Ranar da ta taɓa jikin mota, batir zai sako ɗaruruwan amfiya lokaci guda, wayar ta yi ja kamar ƙarfen maƙera, kafet ya kama. Ko inji a kashe yake haka za ta faru, ko kana barci a ɗaki motar tana zaure. Fis ɗin da bai kai kuɗin cin abinci sau biyu ba shi ne tsakaninka da wannan. In mai rewaya ya ce ba ya da amfani, ko ya ɗaure wurin da silin waya, ka ɗauki motarka ka yi gaba.

Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe, a sa mata robar rami. Kaurinta kuma, ga wat 300 lamba 8 ta isa, in an haura 500 a koma lamba 4. A wannan ma'aunin, ƙaramar lamba ita ce mai kauri. A kula da jabu: akwai wayar da alminiyon ce aka yi wa wankan jan ƙarfe. Ka kankare bakinta da reza, in ka ga fari a ciki ita ce. Ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe zalla, tana saurin zafi, tana kuma ruɓewa in ta sha danshi. Araha ba ta ado.

Wayar at, wato negatib, ta zama gajera, kaurinta ɗaya da ta wuta, a kankare fenti har sai ƙarfe ya yi ƙyalli sannan a ɗaure. Sau da yawa kukan nan da kuke ji a sifika yana tashi in an taka totur, daga at mara kyau yake. Wani lokaci kuma daga haɗa wayar sauti da wayar wuta a hanya ɗaya. A bi da ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu.

Kafin a huda ko'ina, a leƙa abin da ke bayan ƙarfen. A 206 tankin mai yana ƙarƙashin kujerun baya, a MX-5 yana bayan kujeru, wato daidai inda muke cewa a sa akwati. Wasu motocin kuma, irin su Peugeot 307 CC, suna da ƙarafan kariya a ɓoye a bayan kujerun baya, waɗanda ke harbowa sama in mota za ta kife don su tsare kan mutum. Kada a ɗora komai a kansu, kada a taɓa wayoyinsu. Kuma a cire kan batir na negatib kafin a fara aikin gaba ɗaya.

An gama ɗaurawa, saura saiti. A jikin amfilifaya akwai abin murɗawa da aka rubuta LPF, shi ne rariyar da ke hana murya shiga wufa. A ajiye shi wajen 80. In rediyonka yana da HPF, a sa wa sifikun ƙofa shi ma a 80, don a sauke musu nauyin da ba nasu ba, za ka ji muryar mawaƙi ta washe. Akwai kuma gen. Jama'a, gen ba abin ƙara murya ba ne, daidaita amfilifaya yake da ƙarfin da rediyo ke turowa. Ka kai rediyo kashi uku cikin huɗu, ka riƙa ɗaga gen a hankali har ka ji bugun ya fara ƙazancewa, sai ka dawo baya kaɗan ka bar shi nan. Yawancin wufar da ke ƙonewa, murɗe gen har ƙarshe ne ya kashe su. Sai maɓallin da aka rubuta 0 da 180. Ka zauna a kujerar direba, wani ya riƙa sauya maka, inda bes ya fi cika nan za a bari.

Kuma tunda motarka biyu ce a jiki ɗaya, rufaffiya da buɗaɗɗiya, saiti ɗaya ba zai yi musu ba. Abin da ya yi daidai sama a buɗe, in ka rufe zai yi yawa har ya dame kiɗan. Maganinsa ɗan maɓallin bes mai doguwar waya da ke zuwa da amfilifaya da yawa. A kafa shi kusa da giya. Ka buɗe ka ƙara, ka rufe ka rage. Ƙarin dabara kyauta: in sama na buɗe, ka ɗaga gilasan gefe, in akwai ragar tare iska ta bayan kujera ka kafa ta. Hayaniya za ta ragu sosai, kiɗa ya fito ba tare da ka taɓa komai ba.

Saboda haka ƙanenmu na Dabai, ga abin da zan yi in ni ne. Ba zan ƙaro komai ba. Zan sayar da mai inci 12 ɗin, in sayi mai inci 8 ko 10 ta kirki, kafinta ya yi mata rufaffen akwati a bayan kujera, in sa waya ta gaske da fis a bakin batir. Canjin da ya rage in zuba mai. Kuma ka sanar da yayanka kafin a huda masa mota, kada ya dawo hutu a ji ku.

Amma fa a faɗi gaskiya, duk abin da ka yi, buɗaɗɗiyar mota ba za ta taɓa buga bes kamar rufaffiya ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Iska da sarari ka saya, ka more su.

Kafin mu rufe, maganar kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti. A ma'auninta, desibel 80 kunne na iya ɗauka awa 40 a mako. In ya kai 90, awa huɗu ne kacal a mako. Buɗaɗɗiyar mota in tana gudun kilomita 90 zuwa sama, iskar kaɗai tana iya wuce desibel 85, tun ba ka kunna komai ba. Kai kuma sai ka ɗaga kiɗa sama da iskar don ka ji. In ka sauka daga mota ka ji kunnenka yana wani siririn kuka, gargaɗi ne. 'Yan gashin da ke can cikin kunne masu kama sauti, in sun mutu ba sa sake tsirowa, kuma babu su a Panteka.

A kan hanya ma kunne rabin ido ne. Daga Dabai zuwa Mahuta har Koko, ko ta Rijau zuwa Kontagora, kana buƙatar jin hon na babbar mota, da mai babur da ya ɓullo ta gefe, da muryar jami'in tsaro a shinge in ya ce tsaya. Mun san halin da yankinmu yake ciki, ba kowane wuri ne ake shiga da kiɗa ana sanar da isowa ba.

Cikin gari kuma, ku tuna bes ba ya jin katanga. Siririn sauti bango na tare shi, mai kaurin kuwa ratsawa yake ya shiga har ɗakin mai jego da na tsoho mai hawan jini. Kai da ke buɗaɗɗiyar mota, abin da ya gudu daga kunnenka ai gidajen mutane ya tafi. Ƙasar nan tana da dokar hayaniya tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma mu ba sai an kai ga doka ba. Kusa da masallaci, kusa da coci, asibiti, makaranta, gidan makoki, a murɗa ƙasa. In dare ya yi, a bar mutane su huta. Wufar da ke kusa da kai ta ba ka damar ka ji daɗinka ba tare da an tsine wa motarka ba.

Nan za mu dasa aya a yau. Mai tambaya a kan batir, ko caja, ko sifikun keke Napep, ya turo, za mu ɗauka ɗaya bayan ɗaya. A gaida mai rewaya na unguwa, a ce masa mun ce fis a bakin batir. Allah Ya tsare hanya, Ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Zuru da Najeriya baki ɗaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kwana lafiya.